Gemun Tanki Na Uku

Tun kafin maratayin ya gama fitowa daga cikin koren ruwan, gaban Baba Na-Uku ya fara faɗuwa. Ya ja sarƙar, maratayin ya taso yana ɗiga, hannayen ƙofa arba'in da takwas suna lilo a jikin ƙugiyoyinsu. Ya tsoma su a ruwan ɗauraya sau biyu kamar yadda ya saba, sannan ya zare safar roba daga hannun damansa ya shafa gefen na farko da babban yatsa.

Kaushi ya ji. Wasu ƙananan ƙayoyi sun jeru a bakin ƙarfen, ɗaya ma ya karye ya shige masa fata. Ya taɓa na biyu, ya sunkuya ya taɓa na can ƙasa, ya zagaya ya taɓa na baya. Duk abin ɗaya ne.

"Gemu," ya faɗa a hankali, kamar mai tsoron kada tankin ya ji.

A wannan masana'anta, inda ake yi wa hannayen ƙofa da kawunan famfo ruwan nikel don su yi ƙyalli kada su yi tsatsa, ba wanda yake son jin kalmar nan. Aikin kansa ba wani tsafi ba ne. Nikel yana narke a cikin ruwan magani, a rataya kaya a ciki, a sa musu wutar lantarki, wutar ta riƙa jawo nikel ɗin tana shimfiɗa shi a jikinsu siriri, sumul. In komai ya tafi daidai, kayan su fito har mutum ya duba fuskarsa a jiki. In wani abu ya kauce, sai ƙarfen ya ƙi kwanciya, ya tsira tsinke-tsinke a gefe. Wannan tsiron ne ma'aikata suke kira gemu. Kayan da suka yi gemu kuwa sai an kankare su an koma farko, wasu ma ba sa gyaruwa.

Shekara talatin da ɗaya Baba Na-Uku ya yi a bakin tanki na uku, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. A duk tsawon shekarun nan ana iya ƙirga gemun da ya fitar da yatsun hannu ɗaya. Ga shi yanzu wannan ne na uku a cikin wata guda.

Ya ji ƙarar bokiti a bayansa, da takun takalmin roba mai jan ƙasa. Ludayi ne, ƙanin matarsa, wanda yake haɗa ruwan tankuna, yana tacewa, yana zuba magunguna. Dogon ludayin awo da yake sokewa a ƙugu ne ya jawo masa sunan. Baba Na-Uku ne ya kawo shi aikin nan shekara tara da suka wuce, kuma tun ranar bai huta da bakinsa ba.

"Yaya, lafiya? Ka yi tsaye kamar an ce maka mun zo karɓe 'yarmu."

Baba Na-Uku ya juya. Ya ciro hannun ƙofa ɗaya ya miƙa masa. Dariyar Ludayi ta tsaya cak.

"Minti ashirin na yi a sito," in ji Ludayi. "Wallahi minti ashirin kacal."

"Me ya haɗa zuwanka sito da wannan?"

"Ba komai. Na dai faɗa ne."

Ba su kai ga ɓoye fuskokinsu ba Manaja ya iso. Mutum ne mai ƙoƙari, ba mugu ba, sai dai na sama da shi suna matsa masa, shi kuma ba shi da inda zai kai matsin sai ƙasa. Ya ɗauki hannun ƙofar ya juya shi, ya ajiye a hankali. Da ya yi ihu ma da ya fi sauƙi.

"Gobe da safe motar masu kayan nan za ta zo," ya ce. "Wancan karon me na faɗa? Na ce in aka sake, wani zai bar wurin nan. Ba ni na so ba, daga sama aka ce in kawo suna."

Ya dubi injin ba da wuta, fari fes a jikin bango. Ya dubi Baba Na-Uku. Sannan ya juya ga Ludayi, ya daɗe yana kallonsa.

"Inji sabo ne. Baba kuwa tun ina makarantar firamare yake wannan aikin. Saura me? Saura ruwa."

"Ranka ya daɗe," Baba Na-Uku ya fara.

"Bari, Baba. Likita za ta duba a ɗakin gwaji. Ƙarfe huɗu ina son ku biyun a ofis."

Ya tafi. Ludayi ya ɗauki bokitinsa ya bi ta bayan tankuna, ko waƙar da yake yawan yi da hanci bai yi ba. Baba Na-Uku ya tsaya da safa ɗaya a hannu.

Abin da Manaja bai sani ba shi ne, shekara biyu ke nan duniya tana dusashewa a idon Baba Na-Uku. Rubutun jikin buhunan magani ne ya fara guje masa. Ya sayi tabarau a bakin titi, ya yi masa amfani na wata shida. Daga nan fuskokin mutane suka koma inuwa mai magana. Matarsa ta ja shi asibiti, likitan ido ya haska masa fitila ya ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, sai an yi aiki. Aka ba shi kati da rana. Ranar ta zo ta wuce yana bakin tanki. Wansa da aka taɓa yi wa irin aikin nan, da ido ɗaya ya dawo gida, wannan kuwa bai fita daga ransa ba. Ga kuma dokar masana'anta a rubuce a jikin ƙofa: wanda ba ya gani sosai ba ya tsayawa kusa da ruwan asid. Ya sa matarsa ta yi masa alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, har da danginta.

Da farko abin bai dame shi ba, domin shi da ma ba da ido yake aiki ba. Tsohon injin ba da wuta, wanda suke kira Tsohuwa, yana da gurnani. In wuta ta yi kaɗan sai gurnanin ya yi ƙasa-ƙasa. In ta kai daidai, akwai wani sauti da yake zama a kai ya tsaya cak. In ta wuce, murfin ya fara karkarwa. Baba Na-Uku ya fi shekara ashirin bai kalli allurar injin nan ba, kunnensa kawai yake karkatawa ya murɗa. Sababbin ma'aikata har taruwa suke yi su kalle shi.

Wata bakwai da suka wuce Tsohuwa ta ƙone. Aka kawo wannan farin akwatin da ba ya ko tari. Lambobinsa ja ne, ba su fi farce girma ba, abin murɗawarsa kuma ba shi da farko ba shi da ƙarshe, sai ya yi ta zagayawa. Maratayi irin na yau ɗari da tamanin yake so. Baba Na-Uku ya koyi ƙirga ƙas-ƙas ɗin da abin yake yi a ƙarƙashin yatsunsa, amma in hannu ya ɗan yi sauri sai lambar ta yi tsalle ba tare da sanarwa ba. In ya ɗaga kai ya duba, wani jan dishi-dishi kawai yake gani. Ya san sarai ba ruwan Ludayi ne ya yi gemun nan ba, hannunsa ne.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka aiko kiransa ɗakin gwaji. Ya san matakalar, hawa goma sha huɗu ce, ta tara tana da ɗan tsagu. Ya hau yana riƙe da ƙarfen gefe kamar mai ciwon gwiwa.

Likita ba likitar mutane ba ce. Farar rigar da take sakawa ce ta sa ma'aikata suka laƙaba mata sunan, ita kuma ta karɓa. Da ta zo shekara uku da suka wuce, da takardunta da komai, a bakin tanki na uku ta yi wata biyu tana koyon abin da ba a rubuta a littafi ba. Tun lokacin take ganin girmansa.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Zauna nan. Na yanko ƙanana guda biyu, ina so ka gani da idonka kafin in rubuta komai."

Ta jawo masa kujera gaban madubin nan mai ƙara wa abu girma. Ya ji tana motsa wani abu a ƙarƙashinsa, ta kunna fitila.

"Duba ka gaya mini me ka gani."

Ya sunkuya ya ɗora ido. Haske ne fari, zagaye, da wani toka-toka a tsakiya. Ya murɗa abin gefe gaba, ya murɗa baya. Hasken bai sauya ba. Amma ai gemu ba baƙonsa ba ne, yatsansa ya san shi, kuma ya sha jin yadda yake a ƙarƙashin madubi. Sai ya yi ta maza.

"To, ga shi nan," ya ce. "Ga su sun miƙe daga gefe, rassa-rassa. Wancan babban ma ya rabu biyu, kowanne da 'ya'yansa. Kai, abin ya yi muni."

Ɗakin ya yi tsit. Fanka kawai ke juyawa a sama.

"Baba," in ji Likita, muryarta ta yi ƙasa. "Wannan na makon jiya ne, mai kyau. Na fara sa shi ne don ka kwatanta. Ban sa na yau ba tukuna."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da kallon farin hasken, domin bai san inda zai kai fuskarsa ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya ji ta tashi ta je ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Lambobin injin fa?"

Ya girgiza kai.

Ta yi ajiyar zuciya. Ya ji ta zare ƙarfen farko ta sa na biyu, ta jawo madubin gabanta.

"Bari in gaya maka abin da ke nan. Yadda ka faɗa, haka yake, ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Duk a gefe suke da kusurwa. Tsakiya lafiya lau."

"Da datti ne a ruwa, da a saman da ke kallon sama zai zauna," ya ce, kamar mai karanta hukuncin kansa.

"Kai ka koya mini haka. Ba datti ba ne." Ta ci gaba da murɗawa. "Ga inda ya faro. A ƙasa nikel ɗin ya kwanta layi-layi, gwanin kyau. Sai wuta ta riƙa ja fiye da yadda ruwa zai iya kawowa. Ruwan da ke manne da ƙarfen ya ƙare, ba sauran nikel a cikinsa."

"Ruwa ya gaji."

"Ruwa ya gaji. To duk inda ya ɗan ɗara saura tudu, ko da bai kai ƙwayar ƙura ba, shi ne ya fi kusa da ruwa mai nikel, shi zai fara samu. Da ya samu ya ƙara tsawo, da ya ƙara tsawo ya ƙara samu. Na ƙasa ba abin da ke isa gare su. Can sai kan ya rabu, kowane reshe ya kama hanyarsa."

"A mintin farko ko yatsa ba ya jin sa," in ji Baba Na-Uku. "In an rage wuta a lokacin, yana komawa ya kwanta."

"Haka ne. Wannan ya yi minti ashirin yana girma."

Ya shafa gwiwoyinsa da tafin hannu. Tambayar da ke bakinsa ta yi masa nauyi, amma dole ta fito.

"Me za ki rubuta, 'yata?"

"Abin da na gani. Gemu a gefe, kuma abu biyu ke kawo irinsa: ko wuta ta yi yawa, ko maganin laushi, mai sa nikel ya kwanta sumul, ya yi kaɗan a ruwa. Ba a ce in auna idon kowa ba, ba zan rubuta shi ba. Amma Baba, ka yafe mini, in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Kuma daga yau, duk lokacin da na ji sarƙar tanki na uku tana motsi, hankalina ba zai kwanta ba. Asid ne fa a gabanka."

"Na ji."

"Ana yin aikin idon nan yanzu, mutum ya tashi yana gani. Kakata ma an yi mata."

"Na ji," ya sake cewa, ya miƙe yana laluben bayan kujera.

Da aka tashi cin abinci bai je inda ake taruwa ba. Ya zauna a kan wata tsohuwar ganga a bayan sito, kwanon da matarsa ta ɗauro masa yana gefe ko buɗewa bai yi ba. Mutanen da suka wuce suna gaishe shi da wata irin murya ta tausayi, ta wanda ƙanin matarsa ya ja masa abin kunya. Wani ma ya tsaya ya ce, "Haƙuri, Baba, ka yi iya ƙoƙarinka a kan yaron nan." Yaron da ake magana shekararsa arba'in da biyu, da 'ya'ya huɗu. Baba Na-Uku ya ce, "To," bai ƙara ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Autarsu ce ta saka wa kowa na gida sautinsa daban, da wasa ta ce don ya san wanda zai ƙi ɗauka. Wannan sautin na matarsa ne. Yana ɗauka ya ji keken ɗinkinta ya tsaya, da hayaniyar yara a tsakar gida.

"Malam, ka ce wa wannan ƙanin nawa 'yan biyunsa suna nan, ina auna musu kayan makaranta. Wallahi tsawo suke yi kamar ana jan su, yadin da ya kawo ba zai isa ba."

"Zan gaya masa."

"Ka ci abincin?"

"Na ci."

"Ba ka ci ba. Muryarka ba daidai take ba. Me ya faru?"

A bayanta ya ji ɗaya daga cikin 'yan biyun yana ihu a ba shi wayar ya gaishe da Baba Babba, ɗayan yana cewa shi ne zai fara. Baba Na-Uku ya runtse ido.

"Aiki ne ya ɗan yi yawa."

Ta yi shiru. Shekara talatin da huɗu suna tare, ta san shirun da za ta yi ya fi tambaya ciwo.

"To," ta ce daga baya. "Allah ya dawo da ku lafiya, ku biyun."

Bayan azahar bai sa komai a tanki ba. Ya ce wa mai kula da layi sai an gama bincike, ya zauna yana goge ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya, aikin da ba nasa ba. Yana gogewa yana shirya magana a ransa, yana rushewa. In ya faɗi gaskiya, gobe war haka yana zaune a gida a ƙofar ɗaki, yana sauraron keken ɗinki. Shi da tun yana ɗan shekara ashirin da bakwai bai san wani wuri da ake tambayarsa ra'ayi ba sai bakin tankin nan. In ya yi shiru, Ludayi zai tafi. Ya ce wa kansa wataƙila Manaja gargaɗi kawai zai yi. Ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Saura kwata ƙarfe huɗu ya je famfon wanke hannu. Yana cikin cuɗa sabulu ya ji takun nan mai jan ƙasa ya tsaya kusa da shi.

"Yaya, in mun shiga, kai dai ka ja bakinka. Na riga na gan shi."

"Ka ga wa?"

"Manaja. Na ce masa ni ne. Na ce na manta ban zuba maganin laushi ba, da na ga gemu sai na zuba a ɓoye. Ko Likita ta auna ruwan yanzu, lafiya za ta same shi, magana ta ƙare."

Baba Na-Uku ya bar famfon yana zuba.

"Ka zuba maganin da safe. Ina nan na ji ka."

"Na zuba mana. Ni da aikina?"

"To me ya sa za ka..."

"Haba, Yaya." Ludayi ya miƙa hannu ya rufe famfon. "Wata bakwai ina wucewa ta bayanka ina cewa, ɗari biyu da hamsin, Yaya, yau da fushi ka tashi ne? Ɗari da talatin, Yaya, 'yarmu ta hana ka karin kumallo ne? Ka ɗauka duk son surutu ne? Ina da surutu, na sani, amma bai kai nan ba."

Baba Na-Uku ya dafa bakin famfon. Ya tuna duk safiyar da ya ji tsokanar nan ya yi tsaki, ya ɗan murɗa baya ko gaba, yana yaba wa kansa da dabara. Ya tuna gemu na farko, ranar Ludayi ya kai ɗansa asibiti. Na biyu, ranar an tura shi karɓo magani a bakin ƙofa.

"Yayarka ce ta gaya maka?"

"Ita? Ko za a yanka ta. Ni na gani. Ranar da ka gaishe da gangar asid ka ce mata sannu da aiki."

Ya so ya yi dariya, abin ya ƙi fitowa.

"Kana da yara huɗu."

"Ina da ƙarfina kuma. Ni ko'ina aka ce a ɗauki bokiti zan ɗauka. Kai fa? In aka raba ka da tankin nan, sati nawa za ka yi? Na san ka, Yaya. Zama za ka yi ka bushe a kujera, 'yar'uwata ta shiga uku. Kai ka kawo ni nan ba ni da ko takalmi. Ka bar ni in yi wannan."

"In ka tafi, wa zai riƙa karanta mini lambar?"

Ludayi ya sosa ƙeya. A bayyane yake duk dabararsa ba ta kai nan ba.

"Za mu san yadda za a yi," ya ce. "Mu je, lokaci ya yi."

Abin da ya fi ba Baba Na-Uku tsoro, suna hawa matakala, shi ne wani sanyi da ya ji a ƙirjinsa. Sauƙi ne ya ji. An ɗauke masa kayan, ba shi ya roƙa ba, ba shi ya yi ƙaryar ba. Abin da ake so daga gare shi kawai shi ne ya rufe baki na minti biyar. Ya tsani kansa saboda wannan sanyin, amma sanyin bai tafi ba.

Ofishin Manaja yana da taga babba, hasken yamma ya cika shi, komai ya zama fari a idon Baba Na-Uku. Ya gane Likita tana tsaye a gefe daga ƙamshin sabulun ɗakin gwaji. Manaja ya ce su zauna. Muryarsa ta mutumin da ya gaji ce.

"Ba sai mun ja magana ba. Ya amsa laifinsa, na kuma gode masa da bai wahalar da mu ba. Rahoton Likita bai saɓa da abin da ya faɗa ba. Zuwa ƙarshen mako zai miƙa makullin sito." Ya ja numfashi. "Baba, kai ne babba a layin, kuma a tankinka abin ya faru. Ana bukatar hannunka a matsayin shaida."

Takarda ta zamo a kan tebur ta taɓa yatsun Baba Na-Uku. Aka sa masa biro a hannu.

"Karanta tukuna. Ba na so a ce na sa ka hannu a abin da ba ka sani ba."

Ya ɗaga takardar kamar yadda ta zo masa. Fara ce, da wasu layuka toka-toka suna iyo a kai. Ya kai ta kusa da fuska, ya riƙa motsa leɓe. A gefensa Ludayi yana numfashi da ƙarfi ta hanci. Wayar Manaja ta yi ƙara, ya kashe. Baba Na-Uku ya gyara riƙon biron. Ya lalubi ƙasan takardar da yatsa, inda ake sa hannu, ya ɗora bakin biron a wurin.

Sai ya ɗauke.

"Ranka ya daɗe, ban karanta ba."

"To karanta mana, Baba, ba sauri muke ba."

"Ba zan iya ba. Ko harafi ɗaya ba na gani a jikinta. Lambar injin ma ba na gani, tun ranar da aka kawo shi. Ruwan yaron nan lafiyarsa ƙalau. Ni na ba kayan wuta fiye da kima, yau da wancan karon da na farkon."

"Yaya!" in ji Ludayi.

"Rufe mini baki. Yau dai ɗaya."

Manaja ya yi wata 'yar dariya ta rashin jin daɗi, kujerarsa ta yi ƙara.

"Baba, na san ƙanin matarka ne, na kuma san halinka. Amma wannan ba hanya ba ce. Kai da nake gani kullum kana ɗaga maratayi, kana ratsa tsakanin tankuna ko gefen rigarka ba ya taɓa komai? Yanzu fa a gabana ka gama karanta takardar nan."

Baba Na-Uku ya ɗago takardar ya riƙe ta a gabansa. Ya ji Manaja ya matso, ya ji numfashinsa ya tsaya.

Ludayi ne ya yi magana.

"A juye take, Yaya. Tun ɗazu a juye ka riƙe ta."

Baba Na-Uku ya ajiye takardar a kan tebur, ya ɗora biron a kanta, ya tura su gaba a hankali har sai da ya ji an karɓa.